Muryar Mode a Kwamfutar Malam Rufus

Malam Rufus ya shekara goma sha tara a Wurno yana aikin malamin gona. Mutumin Kaltungo ne, amma ya daɗe a nan har manoman fadama sun daina tambayarsa yaushe zai je gida. Yana zaune a gidan haya bayan kasuwa tare da matarsa Rose, ma'aikaciyar lafiya, da 'yarsu Alice da ke makarantar kwana. A kusurwar falonsu akwai wata tsohuwar kwamfutar tebur da ya sayo ta hannu a Sakkwato. Shi ya koya wa kansa aiki da ita, kuma yakan faɗa da alfahari cewa tun da ta shigo gidan bai taɓa kai ta wurin mai gyara ba.

A ranin shekarar 2010 wata ƙungiya mai tallafa wa noman rani ta ba shi aron kamara, ta ce ya zaga ƙauyukan gaɓar Rima ya ɗauko bayanin manoma da masunta. Wata biyu ya yi a kan babur, daga Magarya zuwa gefen Rabah, daga can zuwa tungayen da ke ƙasa da madatsar ruwa ta Goronyo. Ya ɗauki mutum hamsin da 'yan kai. Duk yamma sai ya juye abin da ya samo cikin kwamfuta, ya share kamarar don aikin gobe. Kafin a kammala, ƙungiyar ta tattara ta bar jihar. Ta aiko an karɓi kamararta, ba ta tambayi abin da aka ɗauka ba. Haka komai ya zauna a cikin kwamfutar, ba shi da kwafi a ko'ina.

Cikin waɗanda ya ɗauka akwai Mode, masunci daga Tungar Kyauta, wanda kuma yake noman albasa da rani. Mutum ne mai son hira da dariya. Wasu in an nuna musu kamara sai baki ya mutu, shi kuwa minti goma sha ɗaya ya yi yana zuba, zaune a kan hancin kwalekwalensa.

Da daminar da ta biyo ruwa ya yi yawa, gulbi ya cika ya batse, ya shiga gonaki da gidaje. Tungar Kyauta na cikin wuraren da ruwa ya share. Mode ya yi ta kwashe mutane da kwalekwale zuwa tudu. Sau biyar ya je ya dawo. A na shida ya koma ɗauko wani tsoho maƙwabcinsu, ba a sake ganin su ba sai bayan kwana huɗu, can ƙasa da Wurno. Mutanen wurin suka yi musu sutura nan take, don gawar ba ta jira. Babu wanda ya ga fuskarsa daga gidansu.

Rufus ya je gaisuwa a lokacin, ya dawo, ya ci gaba da harkarsa. Sai da bazara ta kama, wata ranar kasuwa, ya dawo daga aiki ya tarar da wani mutum tsugunne a inuwar ƙofar gidansa da ɗan buhun albasa a gefe. Lauwali ne, ƙanen Mode. Suka gaisa, aka kawo ruwa, Lauwali ya sha ya daɗe yana juya kofin kafin ya faɗi abin da ke tafe da shi.

"Malam, Inna ta aiko ni. Ta ji an ce ka ɗauki maganar Mode cikin inji. Idanunta sun tahi, ba ta ganin komi sai duhu-duhu. Ba hoto taka so ba, murya taka so ta ji."

Ya ƙara da cewa tun bayan ambaliyar suna zaune a wani tudu kusa da Goronyo, kuma Inna Ma'u, mahaifiyarsu, ba ta da lafiya, ƙafafunta sun kumbura, da ƙyar take fita. Rufus ya ce wannan ai ƙaramin abu ne. Da yake akwai wuta, ya ja shi cikin falo, ya yaye zanen da aka rufe kwamfutar da shi, ya kunna. Ya yi wata takwas bai buɗe waɗannan hotuna ba.

Mode ya bayyana a sikirin, da hularsa ta kaba a ƙeya, yana gyara zama. Lauwali ya sa hannu ya rufe bakinsa. Mode ya fara magana, yana cewa da can ruwa na zuwa da lokacinsa, sai hoton ya tsaya cak. Muryar ta maƙale a gaɓa ɗaya tana ta maimaitawa, ru-ru-ru-ru, kibiyar maus ta daskare, sannan komai ya yi tsalle ya wuce gaba, an cinye kalmomi uku ko huɗu. Bayan ɗan lokaci abin ya sake faruwa, ya kuma sake. Rufus ya kashe, ya kunna, duk ɗaya. Ya soka filas ya gwada kwafewa, kwafin ya kai kashi ɗaya cikin uku ya tsaya.

Ya gaya wa Lauwali cewa injin ne ke ɗan i'ina, maganar Mode tana nan lafiya a ciki. Ya ce a ba shi mako guda, zai gyara, ya kawo wa Inna da kansa. Lauwali ya yi godiya, ya bar albasar duk da Rufus ya ce ya tafi da ita.

Abin da ya fara zargi shi ne zafi. Watan Afrilu ne, kwanon rufin gidan har ƙara yake da rana. Ya kwance murfin kwamfutar, ya tarar zanzaro ya gina ɗakinsa na laka a jikin fanka, ga yanar gizo-gizo ko'ina. Ya ɓamɓare lakar da tsinke, ya share da burushin haƙori, ya hura da famfon keke. Da ya kunna, fankar ta juya sumul, Mode kuma ya yi magana minti biyu cur ba tangarɗa. Rufus ya kashe da murna, ya aika wa Lauwali saƙo ta hannun wani direba cewa an kusa. Kwana biyu bayan haka, da ya zauna zai kwafe, i'inar ta dawo, har ta fi ta da.

Sai ya koma kan wuta. Ya lura in an kawo ta da rana ƙwan falo ja yake yi, ba ƙarfi. Ya aro sitabilaiza wurin wani abokin aikinsa, bai ga canji ba. Ya aro ƙaramin janareta, ya sa a tsakar gida, hayaƙi ya cika wa Rose kicin. Ranar farko abin ya yi sauƙi, rana ta biyu ya koma gidan jiya. Wannan ne ya fi ba shi haushi: duk abin da ya taɓa sai ciwon ya lafa kamar an samo bakin zaren, ya ba shi kwana ɗaya ko biyu na sa rai, sannan ya dawo. Ya samu littafi yana rubuta lokacin da kwamfutar ta tsaya da abin da take yi sa'ad da ta tsaya, ko zai ga wani tsari. Bai ga komai ba.

Mako ya cika, Lauwali ya zo, ya koma hannu wofi. Mako na biyu ma haka. Bai taɓa nuna ɓacin rai ba, sai dai ya ce Allah ya ba da sa'a, ya ce Inna tana gaishe shi, kullum in ta ji ƙarar babur sai ta tambaya ko Malam ne.

Rose ce ta fara yi masa magana. Ta tambayi Lauwali yadda ƙafafun tsohuwar suke, da yawan ruwan da take sha, da ko akwai gyambon da ya ƙi warkewa. Bayan ya tafi ta zauna a hannun kujera ta ce wa mijinta, "Baban Alice, na ga irin wannan da yawa a wurin aiki. Tsohuwar nan ba ta da makonni masu yawa. Ka ɗauki abin nan ka kai Sakkwato wurin Ephraim."

Ephraim ɗan cocinsu ne a da, yanzu yana da shagon gyaran kwamfuta a birni. Rufus ya ce Ephraim ai a gabansa ya fara riƙe maus, kuma masu gyaran birni abin da suka iya shi ne su share komai su zuba sabo. Shi ya san injinsa. Saura abu biyu kawai bai gwada ba.

Abu na farko shi ne bairos, cutar nan da ke kama kwamfuta. Ya samo manhajar bincike a filas ɗin wani, ya sa ta bi kowane lungu na kwamfutar. Ranar Asabar ce, tun hantsi har la'asar tana aiki, janareta na kuka. Ta kamo abubuwa biyu ta kashe, i'ina ba ta daina ba. Sai ya ba direba saƙo aka sayo masa ƙarin ram, wato ƙwaƙwalwar aikin kwamfuta, daga Sakkwato, ya soka. Kwamfutar ta riƙa tashi da sauri, amma Mode na nan yana maƙalewa a wurare iri ɗaya da wasu sababbi. Daga nan ya tuna akwai wani aiki da kwamfuta ke yi na jera abubuwan da suka warwatse a faifan ajiyarta, wanda aka ce yana sa ta sauri. Da Asabar ta zagayo ya sa ta yi. Ana cikin haka ya fara jin wata ƙara daga cikin akwatin, ƙas, ƙas, ƙas, kamar ana buga farce a kan gwangwani. Ya kara kunnensa ya saurara. Ya ce wa kansa aiki ne take yi mai nauyi, ya bar ta ta ci gaba har wajen magariba.

Washegari da suka dawo daga coci ya kunna ta. Sikirin ya yi baƙi, ga wani ɗan rubutu fari a sama, ƙarar nan kuma tana ta bugawa. Ya kashe ya kunna sau bakwai. Ya zauna da rigarsa ta coci, gumi na bin bayansa, har abincin da Rose ta ajiye masa ya huce.

Ranar Litinin ya nemi izini a wurin aiki, ya naɗe akwatin kwamfutar a bargo, ya rungume shi a cinya cikin motar haya har Sakkwato. Ephraim ya kunna ta, bai kai ƙirga goma ba ya zare wayar wuta. Ya tambayi tun yaushe take wannan ƙara, da abin da aka yi mata. Rufus ya lissafa masa komai, tun daga zanzaro. Da ya zo kan binciken bairos da jera faifai, Ephraim ya sunkuyar da kai yana shafa goshi.

"Baba, faifan ajiyar ne ke mutuwa tun farko. Duk tsayawar nan da kake gani, wurin da ya lalace take ƙoƙarin karantawa. Da ranar farko ka kashe ta ka kawo, da akwai yadda za mu tsamo kusan komai a hankali. Amma wuni biyu ka sa ta tana gurzar wurin ciwon."

Bai faɗa da tsawa ba, da ladabi ya faɗa, kuma hakan ya fi yi wa Rufus zafi. Ya tambaya ko akwai abin da ya rage. Ephraim ya ce a bar masa faifan kwana uku, ba ya alkawari.

Ranar Alhamis ya koma. Daga mutum hamsin da 'yan kai, gutsattsarin mutum shida Ephraim ya tsamo. Na Mode daƙiƙa talatin da takwas ne, hoton ya farfashe ba a gane fuska, muryar kuma da i'inarta a ciki, don abin da ya ɓace ya ɓace, ba a iya cike shi. Ephraim ya cire hoton, ya bar muryar kaɗai, ya sa masa a memorin waya. Ya ce in an yanke wuraren maimaicin ba abin da zai rage sai kalmomi a warwatse. Rufus ya ce a bar shi haka.

Ya kwana biyu yana tunanin ko ya aika wa Lauwali cewa komai ya lalace. Rose ta ce wannan ba shawararsa ba ce, ɗan tsohuwar ne, a kai mata abin da ya saura. Ranar Asabar da safe ya hau babur ya kama hanyar Goronyo. Gonakin albasa duk an kwashe, sai kara da busasshiyar ƙasa, nan da can injin ban ruwa na tari a bakin rijiya. Ya bar kwalta ya bi turbar da Lauwali ya kwatanta masa, har tudun da mutanen Tungar Kyauta suka kafa bukkoki da dangogin zana.

Lauwali ya tare shi, ya shigar da shi wata rumfa a bakin gida. Aka fito da Inna Ma'u, mutum biyu na riƙe da ita, aka zaunar da ita a tabarma, aka jingina ta da turmi. Ƙaramar tsohuwa ce, idanunta a buɗe amma fari ya rufe su. Ƙafarta ta hagu a naɗe da tsumma. Rufus ya tsugunna ya gaishe ta, ta amsa da fara'a, ta sa masa albarka tun bai yi komai ba. A bayan zana ya ga inuwar wata mace a tsaye. Lauwali ya ce masa a hankali Safara'u ce, matar marigayin.

Rufus ya fara bayani, cewa injin ya samu matsala, abin da aka samo kaɗan ne kuma ba shi da kyau. Tsohuwar ta ɗaga hannu ta ce ya bari, ya kunna kawai. Ya ƙure ƙarar wayar, ya riƙe ta kusa da kunnenta.

Muryar ta fito siririya. Da can ru-ru-ru-ruwa na zuwa, sai shiru, sai kihi ka-ka-ka-ka, sai wani ƙaraurau kamar ana jan ƙarfe, sai guntun dariya da aka datse a tsakiya, sai kalmar albasa, sai ƙarshe. Inna Ma'u ba ta motsa ba. Ta ce a sake. Ya sake. Fara'ar ta bar fuskarta a hankali.

"Wanga wane na?" ta tambaya.

Lauwali ya ce, "Inna, Mode na."

"A'a. Mode ba shi i'ina. Tun yana ƙarami bakinai sarai yake. Malam, ka yi kuskure, wani na ka kawo man."

Rufus ya ce injin ne ya ɓata maganar, ba shi ba. Ta girgiza kai, ta ture wayar da bayan hannu, ba da ƙarfi ba. Ta ce ta san muryar abin da ta haifa, a koma a duba da kyau, nasa na can. Rufus ya rasa inda zai sa idonsa sai kan tsumman ƙafarta.

Can ya ce mata akwai abin da yake tunawa daga ranar da suka yi hirar. Wajen ƙarshe ya tambayi Mode wa ya koya masa sana'a, Mode ya ce kamun kifi dai mahaifinsa ya koya masa, amma ɗinkin koma, ragar kama kifin, wurin Inna ya gani, kuma duk tungar babu namijin da ya kai ta iya ƙulli. Tsohuwar ta juyo da fuskarta wajensa. Leɓunanta suka ɗan motsa.

"Haka yac ce?"

"Haka ya ce, Inna."

"Mi yac ce kuma?"

Rufus ya lalubi ƙwaƙwalwarsa. Ya tuna hular kaba, ya tuna ƙudan da ke damun Mode yana kora, ya tuna shi kansa yana duban agogo don rana ta yi kuma akwai sauran mutum uku a gaba. Maganar kuwa ba ta zo ba. Ya san in ya ƙirƙiro wani abu za ta karɓa da hannu biyu, kuma ya kusa yi. Sai ya ce, "Inna, ki gafarce ni, ban riƙe ba."

Ta ce a mayar da ita ciki, ta gaji.

Lauwali ya raka shi wurin babur yana ba shi haƙuri, kamar shi ne aka yi wa laifi. Rufus ya gaya masa gaskiya, cewa da ya kai injin birni tun ranar farko da an samu duka, shi ne ya ɓata da hannunsa. Lauwali ya dube shi, ya dubi ƙasa, ya ce haka Allah ya rubuta. Suna nan tsaye sai murya ta fito daga bayan zana, ƙasa-ƙasa. Safara'u ce. Ba ta fito ba.

"Malam, shi na. Na gane dariyar. In ba ka son abin, ka bar man shi."

Rufus ya zare memorin daga wayarsa, ya naɗe a 'yar takarda, ya ba Lauwali ya miƙa mata ta saman zana.

Kwana goma sha shida bayan haka Inna Ma'u ta rasu, ana saura kaɗan ruwan farko ya sauka. Lauwali ya gaya wa Rufus a wurin gaisuwa cewa har kwana biyu kafin cikawarta tana tambaya ko Malam ya samo na gaskiyar. Rufus ya zauna cikin masu zaman makoki har azahar, sannan ya yi sallama ya tafi.

Ephraim ya aiko sau biyu cewa akwai sabon faifai in yana so a sa masa, Rufus ya ce a dakata tukuna. Akwatin ya zauna a shagon har ƙarshen shekara, daga baya Rufus ya aika cewa a cire abin da ke da amfani a ciki a yi wa wasu gyara da shi. Safara'u kuwa, da damina ta yi nisa, 'yan'uwanta suka zo suka tafi da ita da 'ya'yanta biyu gidan iyayenta a Rabah. Aiki ya sha kai Rufus Rabah bayan haka, amma bai taɓa tambayar inda gidan yake ba.